Abin da Ƙarfe Bai Kai Gare Shi ba: Narkar da Jijiya a Cikin Saiwar Haƙori

Mutumin da aka kwantar a kan kujerar likita domin a cire masa jijiyar haƙori yakan ɗauka cewa aikin gaba ɗayansa na ƙarfe ne, saboda ƙarfen yake gani ana saka masa a baki ana fitarwa, shi ne kuma yake jin motsinsa a cikin muƙamuƙi. Sirinjin da likita yake ɗauka lokaci zuwa lokaci yana tsiyaya wani ruwa mai warin bilic, mai suna sodiyam haifokulorait, a cikin haƙorin, wannan ba kasafai mai jinya yake ba shi muhimmanci ba, ya fi ɗaukarsa a matsayin kurkure kawai. Ni kuwa ra'ayina shi ne, wannan ruwan ne yake ɗauke da kaso mafi girma na tsabtace saiwa, siraran ƙarafan da muke kira fayil kuma babban amfaninsu shi ne buɗe masa hanya ya isa inda ake so ya isa. Wanda ya fahimci haka daga cikin masu wannan sana'a zai sauya yadda yake raba lokacinsa a kan kowane haƙori, mai jinyar da ya fahimta kuma zai daina ganin kamar ana ɓata masa lokaci idan likita ya cika haƙorin da ruwa ya ɗan dakata.

A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori mai tauri akwai wani ɓangare da ake kira dentin, a tsakiyar dentin kuma akwai ɗan ɗaki wanda siraran hanyoyi suke fita daga cikinsa su gangara har ƙarshen kowace saiwa. Abin da ya cika ɗakin da hanyoyin shi ne jijiyar: nama ne mai laushi, mai ɗauke da ƙananan hanyoyin jini da zaruruwan da suke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Idan ruɓa ta ci haƙori har ta kai ga wannan nama, ƙwayoyin cuta sukan shiga, naman ya kumbura a wurin da bango mai tauri ya kewaye shi ta kowane gefe, daga nan kuma ya fara mutuwa sannu a hankali. Mataccen naman ya zama abincin ƙwayoyin cutar, dafinsu kuma ya riƙa fita ta ƙofar da ke bakin saiwa yana cin ƙashin muƙamuƙi, har wata rana mutum ya wayi gari da kumburin kunci ko ƙurji a dasashi. A shekarar 1965 Kakehashi da Stanley da Fitzgerald sun buɗe jijiyar haƙoran ɓeraye iri biyu, waɗanda aka raina a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya da kuma ɓerayen da aka saba gani, sai na farkon suka warke duk da cewa abinci yana cushewa a ramin, na biyun kuwa jijiyarsu ta mutu, ƙashi ya yi mugunya. Tun daga lokacin aka tabbatar cewa manufar wannan aiki ita ce a raba saiwa da ƙwayoyin cuta, a kuma raba ta da duk wani guntun nama da za su iya rayuwa a kansa.

Matsalar ita ce hanyar da ke cikin saiwa ba miƙaƙƙen bututu ba ce. Tun a shekarun 1920 Walter Hess na Zurich ya nuna haka, lokacin da ya riƙa ɗura roba a cikin haƙoran da aka cire, sannan ya narkar da haƙorin da asid domin siffar hanyoyin ta fito fili. Abin da ya bayyana shi ne hanyoyi masu rassa, wasu a baje kamar faifan tsintsiya, wasu sun rabu sun sake haɗewa, wasu kuma sun tarwatse zuwa ƙananan ƙofofi da yawa dab da bakin saiwa. A saiwar gaba ta turmin ƙasa, wato babban haƙorin tauna na ƙasa, sau da yawa akan sami hanyoyi biyu da wata siririyar tsaga ta haɗa su, tsagar kuma cike take da nama, alhali babu fayil ɗin da zai iya shigarta. Fayil kuwa, ko na hannu ne ko na inji, zagayayyen rami yake sassaƙawa. A shekarar 2001 Ove Peters da abokan aikinsa sun ɗauki hoton cikin turamen sama da na'urar hoto mai zurfi kafin a yi musu aiki da bayan an gama, suka ga cewa kashi 35 cikin ɗari ko fiye na bangon hanyoyin ƙarfe bai taɓa shi ba ko kaɗan, kowane irin fayil aka yi amfani da shi. Wannan adadi ya kamata ya zauna a zuciyar duk mai riƙe da fayil, domin ma'anarsa ita ce fiye da sulusin wurin da ake son tsabtacewa ba shi da wani mai tsabtace shi sai ruwan da aka zuba.

Likitocin ƙarni na 19 sun gane wannan buƙata tun ba su da kayan da za su auna ta. A 1836 Shearjashub Spooner ya ba da shawarar sanya sinadarin arsanik a kan jijiya domin ta mutu, abin da ya rage zafin aiki a zamanin da babu allurar kashe zafi, amma arsanik kashewa kawai yake yi ba ya narkarwa, idan kuma ya tsiyaya ya fita yakan kashe dasashi da ƙashi. A 1894 John Callahan ya kawo amfani da asid ɗin salfa mai ƙarfi a cikin saiwa, wanda yake cin bangon haƙorin kansa. Maganin da ya dawwama bai fito daga ɗakin likitan haƙori ba, ya fito ne daga asibitin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1915, a garin Compiègne na ƙasar Faransa, masanin sinadarai ɗan Ingila Henry Dakin da likitan tiyata Alexis Carrel sun nemi abin da zai wanke raunukan da suka ruɓe ba tare da ya ƙona lafiyayyen nama ba, suka tsaya a kan sodiyam haifokulorait mai ƙarfin kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wanda aka rage masa kaifi. Sun lura cewa ban da kashe ƙwayoyin cuta, ruwan yana narkar da mataccen nama ya raba shi da mai rai. Ba a daɗe ba likitocin haƙori suka ɗauke shi, a 1936 Walker ya ba da shawarar amfani da shi mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari a cikin saiwa, sannan a 1941 Louis Grossman na Filadelfiya tare da Meiman suka jiƙa jijiyoyin da aka ciro daga haƙora a cikin sinadarai daban-daban, suka samu cewa haifokulorait ya fi sauran duka, yana narkar da jijiya ɗungurungum a tsakanin minti 20 zuwa awa biyu. Fiye da shekara 80 ke nan, kuma har yau ba a sami abin da ya ture shi ba.

Yadda yake aikin nasa yana da ban sha'awa, kuma saninsa ne yake bayyana duk ƙa'idojin amfani da shi. Ruwan yana da kaifin kanwa sosai, wato kishiyar asid ne, a ma'aunin pH yakan kai 11 zuwa 12. Wannan kaifi yana faɗa wa kitsen da ke jikin bangon ƙwayoyin halitta ya mayar da shi sabulu da gilisarin, daidai irin abin da ke faruwa a tukunyar mai haɗa sabulun salo idan ruwan toka ya haɗu da mai. Sabulun da ya samu yana ƙara wa ruwan sauƙin malala a jikin bango. A lokaci guda kuma kulorin ɗin da ke cikinsa yana kama furotin, wanda shi ne ginshiƙin naman, ya tsittsinka dogayen sarƙoƙinsa zuwa gutsattsarin da ruwa zai iya ɗauka, ya kuma lalata sinadaran da ƙwayoyin cuta suke rayuwa da su. Saboda haka sinadari ɗaya ne yake yin ayyuka biyu da ake buƙata, kisa da narkarwa, yana kuma iya wargaza yauƙin da ƙwayoyin cuta suke ginawa a jikin bango su ɓuya a ciki.

Wanda ya leƙa cikin haƙori da gilashin ƙara girma zai ga abin da idonsa. Idan aka buɗe turmi mai kumburarriyar jijiya aka cika ɗakinsa da haifokulorait, jinin da ke tsatstsafowa yakan koma ruwan ƙasa nan take, sannan ƙananan kumfa su fara tasowa daga bakin kowace hanya, a jere, kamar ana hura su daga ƙasa. Ruwan da ya shiga garau sai ya yi gurɓi, jan naman da ke manne a kusurwa ya yi fari, gefunansa su yi laushi su fara sakin jiki. Bayan an tsotse an sake zubawa sau da dama, kumfar takan ragu har ta ɗauke. Gogaggun likitoci suna amfani da wannan kumfa wajen neman hanyar da ta ɓuya: idan an gama tsabtace hanyoyi uku a turmin sama na farko, amma har yanzu kumfa tana fitowa daga wani ɗan wuri a ƙasan ɗakin, to akwai nama a ƙarƙashin wurin, kuma sau da yawa hanya ta huɗu ce, wadda take cikin saiwar gaba ta wajen kunci, wadda rashin gano ta yana cikin manyan dalilan da suke sa aikin wannan haƙori ya lalace daga baya.

Kumfar tana kuma faɗa mana wani abu mai muhimmanci, wato ruwan yana ƙarewa yayin da yake aiki. Duk kulorin ɗin da ya kama furotin ya tashi daga aiki, hanyar saiwa kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, abin da take ɗauka bai kai ɗigo ɗaya cikakke ba. Cikin ɗan lokaci kaɗan abin da ya rage a ciki ya zama ruwan gishiri mai datti. Moorer da Wesselink na Holan sun nuna a 1982 cewa saurin narkewar nama ya dogara ne a kan yawan sinadarin idan aka gwada shi da yawan naman, da yadda ake motsa ruwan, da kuma faɗin wurin da ruwan yake taɓa naman. Wannan shi ya sa nake ganin cewa babban laifin da ake yi wa wannan aiki a yau shi ne gaggawa. Injinan fayil na zamani, waɗanda aka ƙera da gamin nikel da taitaniyam, suna iya sassaƙa hanya cikin minti biyu ko uku, abin da a da yake cin rabin awa. A wancan rabin awa ruwan yana zaune a ciki yana aiki, ana sabunta shi bayan kowane fayil. Yanzu da sassaƙa ta yi sauri, sai wasu suka ɗauka cewa aikin duka ya yi sauri, suka cike saiwa da zarar inji ya kai ƙasa. Hoton eksire zai fito da kyau, farin layi ya gangara har bakin saiwa, amma hoton ba ya nuna naman da aka bari a cikin tsaga. Bayan shekara ɗaya ko biyu mai haƙorin ya dawo da baƙin tabo a ƙashi. Sauri ya haifi nawa. Lokacin da inji ya rage wa likita, ruwan ya kamata a mayar wa da shi.

Game da ƙarfin da ya dace, masana sun rabu tun da daɗewa. A Amurka an saba amfani da kashi 5.25 ko 6 cikin ɗari, hujjarsu kuma ita ce gwaje-gwaje irin na Hand da Smith da Harrison a 1978, waɗanda suka nuna cewa duk lokacin da aka sirka ruwan, ƙarfinsa na narkar da mataccen nama yana raguwa sosai. A ƙasashen arewacin Turai kuwa an fi karkata ga rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1, suna dogaro da aikin Byström da Sundqvist na jami'ar Umeå a Suwidin a shekarun 1980, wanda bai sami bambanci a wajen kashe ƙwayoyin cuta tsakanin mai rabin kashi da mai kashi 5 ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin abu biyu daban suke aunawa. Mai ƙarfi yana narkarwa da sauri, amma kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin dentin kansa furotin ne, kuma an nuna cewa daɗewar haƙori a cikin mai kashi 5.25 tana rage masa juriya ga lanƙwasa. Idan kuma ya ƙetare bakin saiwa, ɓarnarsa ta fi ta mai rauni muni. Abin da hankalina ya kwanta da shi shi ne matsakaici, kashi 2.5 zuwa 3, a zuba da yawa, a riƙa sabuntawa, a kuma ba shi lokaci, sai dai idan haƙorin mai rai ne cike da nama da jini, inda ƙarin ƙarfi yake da dalili.

Akwai hanyar ƙara wa mai rauni kuzari ba tare da an ƙara masa haɗari sosai ba, ita ce ɗumama shi. Sirtes da abokan aikinsa a Zurich sun nuna a 2005 cewa mai kashi 1 cikin ɗari da aka ɗumama zuwa digiri 45 yana narkar da jijiya daidai da mai kashi 5.25 a digiri 20. To amma zafin da yake taimakonsa a minti na ƙarshe shi ne yake kashe shi a ma'ajiya, kuma nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Haifokulorait ba sinadari ne mai zama lafiya ba: zafi da hasken rana da iska suna ruguza shi a hankali. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, ga kuma wutar lantarkin da ba ta tsayawa balle na'urar sanyaya ɗaki ta yi aiki, kwalbar da aka bari a buɗe kusa da taga tana iya rasa kaso mai yawa na ƙarfinta alhali takardar da ke jikinta ba ta sauya ba. Likita zai yi zaton yana zuba kashi 3, alhali abin da ke cikin sirinjin ya yi ƙasa da haka nesa. Maganin wannan ba shi da tsada: kwalba mai duhu wadda haske ba ya ratsawa, murfi a rufe ruf, a ajiye a wuri mafi sanyi a asibitin, a sirka abin da za a yi amfani da shi a ranar kawai, a kuma rubuta ranar da aka buɗe kowace kwalba. Asibitocin da suke sirka bilic na kasuwa saboda tsadar wanda aka haɗa musamman domin haƙori, lallai ne su tabbatar da cewa babu turare ko sinadarin ƙara kauri a cikinsa, su kuma yi lissafi da ƙarfin da aka rubuta, domin mai kashi 3.5 idan aka haɗa shi da ruwa daidai wa daida ya koma 1.75 ke nan tun kafin zafi ya ci nasa rabon.

Ko da ruwan yana da cikakken ƙarfinsa, sai ya isa wurin naman kafin ya narkar da shi, ƙarshen saiwa kuma shi ne wuri mafi wuyar isa. Tun 1971 Senia da abokan aikinsa suka lura cewa aikin haifokulorait yana raguwa sosai a milimita na ƙarshe, inda hanya ta ƙuntata. Ruwan da ke fita daga allura ba ya wuce bakinta da nisa, kusan milimita ɗaya ne ga allurar da ƙofarta take a gefe, iskar da ta maƙale a ƙasa kuma tana iya tare masa hanya. Shi ya sa ake amfani da siririyar allura mai lamba 30 a kai ta kusa da ƙarshe, shi ya sa kuma ake motsa ruwan bayan an zuba. Na'urar da take girgiza siririn ƙarfe da sautin da kunne ba ya ji tana yin wannan da kyau, tana tura ruwan cikin tsagogi da rassa. Wanda ba shi da ita bai rasa dabara ba: ɗan tsinken gata-faca, wato wani irin roba da za a cike saiwar da shi, idan ya yi daidai da hanyar, ana iya saka shi a cikin ruwan a riƙa ɗaga shi ana mayarwa a hankali na tsawon minti ɗaya, wannan ma yana kore iska ya sabunta ruwan da ke ƙasa, kuma ba ya buƙatar wuta.

Sauran ruwayen da ake gani a kan tiren likita kowanne yana da aikinsa, amma narkar da nama ba ya cikinsu. Ruwan gishiri kurkure ne kawai. Kuloheksidin mai kashi 2 yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma manne wa dentin ya daɗe yana aiki, sai dai ko zare ɗaya na jijiya ba ya narkarwa. A 2004 Naenni da Thoma da Zehnder sun gwada shi tare da haidirojin farogzaid da asid ɗin lemo da wasu, suka tarar cewa haifokulorait ne kaɗai ya narkar da nama yadda za a ambata. Abin da ya fi damuna a nan shi ne likitan da tsoron haɗari ya sa ya bar haifokulorait gaba ɗaya ya koma ga ruwan gishiri da kuloheksidin: ya kauce wa haɗarin da ba kasafai yake faruwa ba, ya rungumi gazawar da take kusan tabbas a duk saiwa mai rassa. Sinadarin da ake kira EDTA kuwa, wanda Nygaard-Østby na Norwe ya shigo da shi wannan fage a 1957 kuma ake amfani da shi yau mai kashi 17, aikinsa a kan ma'adanin haƙori ne, yana wanke garin dentin da fayil ya shafe bango da shi ya toshe ƙananan kafofinsa. Ana buƙatarsa minti ɗaya ko makamancin haka a ƙarshen aiki. Amma idan ya gauraya da haifokulorait yakan cinye kulorin ɗin nan take, saboda haka wanda yake musanya su bayan kowane fayil yana kashe ruwan narkarwarsa da hannunsa. Haɗuwar haifokulorait da kuloheksidin ta fi wannan muni, domin wani gurɓi mai launin ruwan goro yake fitowa ya manne a bango ya rina haƙorin, dole ne a wanke na farko sarai a busar kafin a zuba na biyu.

Akwai mataimaki guda da ya cancanci yabo, shi ne kalsiyam haidiroksaid, farin ƙullun da Hermann ya gabatar a Jamus a 1920, wanda ake cika saiwa da shi a rufe na kusan mako guda tsakanin zama biyu. Kaifinsa ya kai 12.5 a ma'aunin pH, yana kumbura ragowar nama ya sassauta shi, kuma Hasselgren da Olsson da Cvek sun nuna a 1988 cewa naman da ya kwana a cikinsa ya fi saurin narkewa idan haifokulorait ya same shi. Kishiyar wannan su ne magungunan kashe jijiya masu ɗauke da fomaldihaid, waɗanda har yanzu ake samu a wasu wurare saboda suna sauƙaƙa wa likita idan allura ta ƙi kamawa. Fomaldihaid yana sandarar da nama, sandararren nama kuma shi ne mafi taurin kai wajen narkewa, ban da ɓarnar da yake yi wa dasashi da ƙashi idan ya tsiyaya ta gefen ciko. Ban ga dalilin ci gaba da ajiye su a asibiti ba.

Haɗarin haifokulorait gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Sinadarin da yake narkar da nama a cikin saiwa ba ya bambance shi da naman kunci. Idan allura ta cije a cikin hanya aka danna sirinji da ƙarfi, ruwan ba shi da mafita sai ta bakin saiwa. Mai jinya yakan ji zafi mai tsanani farat ɗaya duk da allurar da aka yi masa, fuska ta kumbura cikin mintuna, jini ya riƙa kwararowa daga cikin haƙorin, washegari kuma fatar kunci har zuwa ƙasan ido ta yi baƙi-baƙi kamar wanda aka doka. Yawanci yakan warke cikin makonni, amma akwai waɗanda suke samun mutuwar fata ko dasashi, ko wani sashe na fuska ya daɗe ba ya ji, kumburin da ya gangara ƙasan harshe kuwa na gaggawa ne domin yana iya toshe numfashi. Kariyar a bayyane take: a san tsawon saiwa kafin a fara, a sa alama a jikin allura, kada a bari ta cije, a riƙa motsa ta, a danna da ɗan yatsa a hankali maimakon babban yatsa, a ƙara kula da haƙoran yara da bakin saiwarsu bai gama rufewa ba da kuma turamen sama da suke kusa da kogon hanci. Kada kuma a taɓa ɗura shi a cikin kwalbar allurar kashe zafi da ta ƙare, domin an sha samun wanda aka yi wa allura da shi bisa kuskure ta wannan hanya. Sama da duka akwai mayafin roba da ake ɗaura wa haƙori ya keɓe shi daga sauran baki, wanda Sanford Barnum ya ƙirƙiro a New York tun 1864. Idan babu shi, likita ba zai iya cika haƙori da haifokulorait hankali kwance ba, sai ya riƙa ɗiga kaɗan yana tsoron maƙogwaro, yawu kuma yana mayar da ƙwayoyin cutar da ake kora. Yawancin waɗanda suka guji wannan ruwa, idan aka bi diddigi, rashin mayafin ne asalin dalilinsu.

Wajibi ne in ja kunnen mai karatun da ba likita ba, domin ciwon haƙori yana sa mutum ya saka kome a cikin kogo, daga kanumfari zuwa ƙwayar asfirin har da ruwan batir. Jin cewa likita yana amfani da ɗan'uwan bilic ba izini ba ne na a ɗiga shi a gida. A kogon da ba a buɗe an keɓe ba, ruwan ba zai kai ga saiwa ba, dasashi da harshe da maƙogwaro kawai zai ƙona, ciwon kuma yana nan inda yake.

Ana ci gaba da neman abin da zai narkar da jijiya ba tare da wannan haɗari ba. An gwada sinadaran narkar da furotin da ake samu daga gwanda da abarba, an kuma gwada kalsiyam haifokulorait, wanda yake zuwa a gari kuma ya fi jure ajiya, abin da zai iya zama alheri ga wurare masu zafi irin namu idan bincike a kan masu jinya ya tabbatar da shi. Na gwanda da abarba har yanzu a ɗakin gwaji suke, ba su kuma kamo haifokulorait a sauri ba. Ci gaban da ya riga ya shigo asibiti shi ne wani sinadari mai suna HEDP, wanda yake yin irin aikin EDTA a hankali amma ba ya cinye kulorin nan take, saboda haka ana iya zuba garinsa a cikin haifokulorait dab da fara aiki a yi amfani da ruwa ɗaya tun daga buɗe haƙori har zuwa busar da shi, muddin an haɗa shi sabo ga kowane mai jinya.